Tabon Mama Satu

Shafi na 23

Ku da kuka cika mini waya da zagin Mama Satu tun shafin da ya wuce, har wata ta rubuto wai in bar tsohuwar ta faɗa kogi kowa ya huta, don Allah ku ɗan riƙe harshenku. Ni a Kellopata aka haife ni, na fi ku sanin matar nan, amma ni ma ban san abin da take ɗauke da shi ba sai ranar Lahadin da zan ba ku labarinta yanzu.

Ranar taron gari ce. Tun kafin shukar dankali Eulogia, shugabar ƙungiyar iyaye mata, take jan nas Yesenia da Malam Alipio na makarantar firamare gida-gida, suna bayani a kan allurar rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke jawo sankarar bakin mahaifa. Kusan kowace uwa ta amince. Sai ranar Alhamis Eulogia ta karanta sanarwa a lasifikar gari, kafin rana ta faɗi Mama Satu ta bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, kowa ya janye. Yanzu taro ne zai yanke, ko masu allura su shigo ranar Talata, ko kada su taka mana gari.

Ita kuwa Eulogia ba don suna take wannan wahala ba. Nélida ce a ranta, 'yar da yayarta Benedicta ta bari lokacin da cutar nan ta kashe ta. Yarinyar tana hannun Mama Satu. Ubanta yana can gangare wurin masu haƙar zinariya, ya kuma aiko cewa da an rufe makaranta a turo masa ita ta taya shi girki. Can babu makaranta, babu ɗakin shan magani. In Talatar nan ta wuce, shi ke nan.

Shi ya sa tun kafin a kaɗa ƙararrawar taro Eulogia ta sunkuya ta shiga madafin Mama Satu. Abin da ya faru a ciki ita ta ba ni da bakinta, bayan maganar ta zama ta kowa.

Tsohuwar tana zaune bakin murhu tana ɓare busasshen dankali da farce, ɓerayen masar suna ta zarya a ƙarƙashin bujenta. Ko kai ba ta ɗaga ba.

"Mama Satu, an tashi lafiya?"

"Waɗanda suka samu barci sun tashi."

"Ina Nélida?"

"Ba ta nan."

Eulogia ta dubi ƙusar da yarinyar ke rataye jan mayafinta. Babu komai a jiki. Ta ce a ranta ta fita da tumaki ne, gara ma haka, kada ta ji abin da za a faɗa.

Ta durƙusa, ta kwance ɗan ƙyallenta, ta baje ganyen koka, wanda muke taunawa, a gaban tsohuwar. Kun san dai a wurinmu ba a roƙon babba da hannu wofi, kuma wanda ya ɗauki ganyenka dole ya saurare ka har ƙarshe.

Mama Satu ta daɗe tana kallon ganyen. Can ta zaɓi uku, ta hura su ta wajen dutse, ta sa a baki.

"Faɗi abin da ya kawo ki."

"Mama, ke kika yi jinyar Yaya Benedicta."

"Ni ce."

"Ke kika wanke tsummokaran nan da ko ni ƙanwarta na kasa taɓawa."

"Na wanke. Sai me?"

"Sai me kuma? Kin ga yadda ta ƙare, mace kamar ingarma ta koma kamar kara. Ta riƙe hannuna ta ce kada in bari abin nan ya samu 'yarta. Ga maganinsa ya zo har ƙofar gida, ke ce kuma mai korar sa? Me na yi miki, Mama? Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Kin gama?"

"Ban gama ba!"

"To tsaya. Maimaita mini abin da kika faɗa a lasifika."

Eulogia ta yi sororo.

"Sanarwar?"

"Ita. Kamar yadda kika faɗe ta."

"Cewa na yi, iyaye mata, ku kawo 'ya'yanku ranar Talata, masu lafiya za su zo, kyauta ne, allurar nan za ta tare musu mahaifa daga..."

"Tsaya nan. Za ta yi me?"

"Za ta tare musu mahaifa. Hark'ay. Mu uku muka zauna muka juya ta daga Sifaniyanci, ni da nas da Malam. Me ya samu kalmar?"

Bari in tsaya in gaya muku, kalmar nan hark'ay baki biyu gare ta. Da ita ake tare wa mutum duka, da ita kuma ake tare ruwa a kwata don kada ya isa gonar da ke ƙasa. Mu da muka taso daga baya ba mu taɓa jin wani abu a cikinta ba.

Mama Satu ta ture kwanon dankalin. Ta miƙe da ƙyar, ta kai hannu ƙugu ta sassauta ɗamararta, ta ja bujen nan masu nauyi ƙasa kaɗan.

"Duba."

Wani tabo ne a ƙasan cibiya, tsoho, ya yi fari ya tattare.

"Mama, mene ne wannan?"

"Hark'ay ke nan."

Eulogia ta zura wa tabon ido.

"Kina 'yar ƙarama lokacin, ba za ki tuna ba. Suka zo da tanti suka kafa a bayan coci, da kiɗa, da man girki da shinkafa. Suka ce a kawo jarirai awo. Ɗana Isidro na goye a bayana. Wata mai jin yarenmu ta kama hannuna tana murmushi, ta ce 'yar'uwa shigo, kyauta ne, za mu tare miki mahaifa daga cuta. Na ce to, wa ke ƙin lafiya? Na dangwala yatsa. Na farka a kan katifa a ƙasa, cikina ɗinke."

"Wayyo Allah."

"Sanyin shekarar ya ɗauke Isidro. Na ce ba komai, ƙuruciya gare ni, zan sake. Na jira. Mijina ya jira, ya gaji, ya kira ni alfadara a gaban uwarsa, ya tattara ya bar gari. Sai daga baya wata a kasuwa ta gaya mini abin da ake yi a tantin."

"Ba ki taɓa gaya wa kowa ba?"

"In ce me? In ce da yatsana na sayar da 'ya'yana a kan kwalbar mai?"

Eulogia kuka take sosai yanzu, ba ta ko ɓoyewa.

"Ranar Alhamis ina tsaye nan ina tankaɗe," in ji Mama Satu, "sai na ji maganar nan ta fito daga sama. Kyauta ne. Za ta tare musu mahaifa. Kalma a kan kalma. Kuma da muryarki, Eulogia, ke da na goya."

Eulogia ta share ido da gefen mayafi. Da wata ce, a nan za ta tashi ta tafi gida. Ita kuwa jinin Benedicta ce, taurin kai gadonsu ne.

"Mama, na ji, kuma har in mutu ba zan manta ba. Amma wannan ba waccan ba ce."

"Su ma haka za su ce."

"A dantse ake yi. Ba wuƙa, ba maganin barci."

"Kin fasa kwalbar kin ga abin da ke ciki?"

"Ban fasa ba. Amma na ga abin da ke cikin Yaya Benedicta, na ji warinsa. Ke ma kin ji."

Tsohuwar ta sa hannu a ƙirji ta zaro wani ɗan ƙulli. Ta kwance. Gashi ne, ɗan siriri, an ɗaure shi da jan zare.

"Kin san wannan?"

Ta sani mana. Ranar askin farko na Nélida, Mama Satu ce ta fara sa almakashi. Wadda ta yi wannan ita ce uwar aski, kuma a wurinmu uwar aski uwa ce ta biyu, in ta farko ta faɗi ita ke ɗauka.

"Ke kin yi wa gawa alkawari," in ji Mama Satu. "Ni na yi wa mai rai. Ina numfashi babu mai farar rigar da zai taɓa ta."

Ƙararrawar coci ta fara kaɗawa.

"Kuma ki ji da kyau. Kin ci ganye tare da ni. Abin da kika gani a ɗakin nan, in ya fita ta bakinki, ban yafe ba."

"Ba zai fita ba."

"Rantse."

"Na rantse da kabarin Yaya."

A filin gaban coci kowa ya hallara. Maza a kan dakalin dutse, mu mata a ƙasa da mazarinmu muna kaɗi. Shugaban gari, wanda muke kira Don Fermín, ya dogara sandar mulki a gabansa, malfa ta rufe rabin fuska. Mama Satu ta zo a ƙarshe ta zauna can gefe ita kaɗai.

Nas Yesenia ce ta fara, Malam Alipio yana juya mata, don yarenmu bai zauna a bakinta ba tukuna. Ta ce ƙwayar cutar nan ta zama ruwan dare, yawancin mutane suna ɗaukar ta ba su sani ba ta wuce, amma a jikin wasu mata sai ta maƙale shekara da shekaru har ta zama sankara. Ta ce shi ya sa ake rigakafin tun ana yara, kafin a haɗu da ita.

"Me ya sa sai 'ya'yanmu mata?" wani ya ɗaga murya daga dakali.

"Har maza ake yi wa yanzu," in ji ta. "Duk ɗan aji biyar, mace da namiji."

Tsoho Casiano, wanda duk garin nan an san tarihinsa da zawarawa, ya ɗaga sandarsa.

"To ni fa, 'yar nan? A yi mini mana."

"Kai naka ya wuce rigakafi, Baba, sai addu'a!" wata ta jefo daga cikinmu.

Aka fashe da dariya. Na ga Eulogia ta ɗan saki numfashi. Amma dariyar ba ta kai ko'ina ba, don wata uwa ta miƙe ta ce ita dai Mama Satu ta ce allurar kashe mahaifa ce, kuma Mama Satu ba ta taɓa yi mata ƙarya ba. Mata suka hau gyaɗa kai.

Nan fa Crispín ya tashi. Crispín mai babur, wanda ke ta ɗaukar nas kyauta zuwa ƙauyukan sama, mutumin kirki amma bakinsa ba linzami.

"Jama'a, wai me muke yi ne haka? Masu karatu sun yi magana, mu kuma muna bin wa? Yaushe alfadara ta fara koya wa goɗiya riƙon ɗa?"

Wasu samari suka ƙyalƙyale. Mama Satu ba ta motsa ba, sai mazarinta da ya tsaya.

Ban taɓa ganin Eulogia ta tashi da sauri irin haka ba.

"Crispín, janye maganarka."

"Ah, Eulogia, ai ni a gefenki nake."

"Ba na son gefen. Janye."

"To ƙarya na yi?"

"Ka janye, ko in bar filin nan yanzu, allurar ma a fasa!"

Ya kalli maza, babu wanda ya taya shi. Ya zauna yana gunaguni, wai ya janye.

Eulogia ta juyo ta fuskanci mata.

"'Yan'uwa, sanarwar Alhamis akwai kuskure a ciki. Kalmar da muka sa ba ita ba ce. Ba hark'ay ba ne. Allurar nan ba ta tare komai a jikin yarinya. Amachay ne, irin wanda uwa ke yi in ta shiga tsakanin ɗanta da karen da zai cije shi."

Don Fermín ya ɗaga malfa ya dube ta.

"Yanzu duk wannan tashin hankali, an hana mu zuwa gona, a kan kalma ɗaya ne? Tarewa da shiga tsakani, ina bambancin? Yi mana bayani."

Bakinta ya buɗe. Ta dubi Mama Satu. Amsar tana kan harshenta, kuma da ta faɗa da ta ci taron nan a take.

"Ba zan iya ba," in ji ta.

"Ba za ki iya ba?"

"Ba nawa ba ne."

"To ai shi ke nan." Ya buga sanda a ƙasa. "Wanda bai yarda masu allura su shigo ba, ya ɗaga..."

"Fermín, sauke sandar nan."

Mama Satu ce. Ta ajiye mazari, ta tako har tsakiyar fili, wurin da mace ba ta cika tsayawa ba.

"Yarinyar nan ta riƙe mini amana har ta yarda ta faɗi a gabanku. To ni ba zan bari ba. Crispín, ka ce alfadara. Gaskiyarka. Amma ba Allah ne ya yi ni haka ba."

Ta faɗa. Duk ta faɗa, tantin bayan coci, kwalbar mai, katifar ƙasa, Isidro. Muryarta ba ta yi rawa ba ko sau ɗaya. Da ta zo kan kalmar nan ta faɗe ta da ƙarfi har ta amsa a bangon coci.



Ta juya ga mata.

"Ba ni kaɗai ce a katifar nan ba. Na ga ƙafafunku, kun ga nawa. Shekara nawa muna haɗuwa a famfo muna sunkuyar da kai? Wadda ta shiga tantin nan ta ɗaga hannu. In kuma kun bar ni ni kaɗai, ba komai, na saba."

Babu wadda ta motsa.

Sai hannu ɗaya ya tashi a bayana. Sai wani. Sai wani can kusa da rijiya. Na daina ƙirgawa da na ga hannun gwaggona, wadda ta raine ni, wadda kullum take cewa 'ya'ya biyu ne rabonta.

Na ƙarshe da ya tashi na Dominga ne, matar Don Fermín.

Ya zura mata ido.

"Dominga?"

"Kana gona ranar," in ji ta. "Ka dawo ka tarar da shinkafa, ka ci, ka ce ta yi daɗi."

Sandar mulki ta sulale daga hannunsa ta faɗi. Babu wanda ya ɗauka. Crispín kuwa ya cire malfarsa ya rufe fuska da ita.

Mama Satu ta taka har gaban nas.

"Ke, 'yar birni. Yanzu kin san abin da kuka faɗa mana ranar Alhamis."

Malam Alipio ya buɗe baki zai juya, nas ta ɗaga masa hannu. Da yarenmu ta amsa, a karye, kamar mai tafiya a kan duwatsun rafi.

"Na ji, Mama. Ban sani ba. Ya kamata in tambaya kafin in yi magana. Ki yi haƙuri."

"Haƙuri na da shi, ya ishe ni har kabari. Tambaya zan yi miki. Allurar nan, a ɗaki za ku rufe yaran?"

"Inda kika ce."

"A filin nan. Da rana tsaka. Kowace uwa tana riƙe da hannun 'yarta."

"Na yarda."

"Kwalbar a hannuna za a buɗe ta. Ban iya karatu ba, amma yaran sun iya, su karanta da ƙarfi kowa ya ji."

"Na yarda."

"Sanarwa kuma daga yau ba za ta hau lasifika ba sai waɗannan da suka ɗaga hannu sun ji ta sun ce to."

"Wannan ma da shi ya kamata mu fara," in ji Eulogia.

"Ban gama ba." Tsohuwar ta matsa har numfashinsu na haɗuwa. "Kina da 'ya?"

Nas ta sunkuyar da kai.

"Tambayarki nake. In kina da ita, kawo ta ranar Talata a fara da ita."

"Ba ni da 'ya, Mama."

"Uhm. Na sani. Mai sauƙi ne a soki ɗan wani."

Wasu mata suka fara guna-guni. Na ce a raina shi ke nan, an koma gidan jiya.

Sai Yesenia ta matso. Ta kama hannun Mama Satu, ta juya wa maza baya, ta cusa hannun a ƙarƙashin farar rigarta, ta danna shi a mararta.

Na ga yatsun tsohuwar suna tafiya a ƙarƙashin rigar, daga wannan gefe zuwa wancan, kamar masu bin layin ɗinki. Na ga fuskarta ta sauya.

"Su wa suka yi miki?"

"Cutar ce. Wadda ta kashe Benedicta. Ni an gano da wuri, aka cire mahaifar gaba ɗaya, shi ya sa nake tsaye a gabanki. Ina amarya lokacin. Da ina yarinya allurar nan ba ta iso garinmu ba." Ta dubi tsohuwar ido cikin ido. "Allurar ba ta hana haihuwa, Mama. Cutar ce ke hanawa. Ni ce shaida."

Mama Satu ba ta janye hannunta ba. Sun daɗe a haka, tsohuwa da yarinya, gari guda yana kallo.

"Kin sa wa ɗan da ba ki haifa ba suna?" ta tambaya a hankali.

"Na sa. Ban samu wanda zan kira da shi ba."

Wallahi in akwai wadda ba ta yi kuka a filin nan ba, ni ban gan ta ba.

Dominga ce ta sunkuya ta ɗauki sandar mulki ta miƙa wa mijinta.

"Riƙe, ka yi aikinka."

Ya karɓa, ya fuskanci jama'a.

"Wanda ya yarda su shigo ranar Talata, a kan sharuɗɗan Mama Satu."

Hannuwa suka tashi kamar tsiron sha'ir. Har da Casiano da sandarsa. Nas ta ƙara da cewa manyan mata ma akwai gwajin da ya kamata a yi musu, allura ba ta maye gurbinsa, Dominga ta ce wannan ma a kawo, amma su za su tsara yadda za a faɗa.

Eulogia ta durƙushe a wurin, ta kalli sama.

"Yaya, kin gani? Saura Talata."

Mama Satu ta zaro ɗan ƙullin nan daga ƙirjinta, ta buɗe tafin nas ta sa gashin a ciki, ta naɗe mata yatsu a kai.

"Ga amanata. Ke da hannunki za ki yi wa Nélida allurar, ba wani ba. Ki dawo mini da wannan ranar da ta..."

Maganar ta tsaya. Idonta ya tafi can kan hanyar da ta gangara bayan dutse. Sai na ga ta yi baya za ta faɗi, Eulogia ta yi wuf ta tare ta.

"Mama! Mene ne?"

"Eulogia."

"Na'am, ina ji."

"Nélida ba kiwo ta tafi ba."

"To ina take?"

"Na ɗauka za ku ci taron. Na ce ko gari duka ya yarda, ba za ku same ta ba." Ta riƙe hannun Eulogia. "Motar Lahadi. Da safen nan na sa ta a ciki, da jan mayafinta. Na ce wa direba ya damƙa ta a hannun ubanta."

Kowa a filin nan ya san hanyar. In motar ta haye gadar ƙasa, daga nan sai kwale-kwale, kuma ruwan sama ya riga ya fara a gangare.

Eulogia ba ta yi ihu ba. Ta miƙe, ta ja mayafinta ta ƙulle shi tam a ƙirji.

"Crispín! Akwai mai a babur ɗinka?"

Ya riga ya zaro makulli.

"Ko babu zan tura shi. Hau mu tafi."

Ta ɗaga ƙafa za ta hau, wani hannu ya riƙe mata buje ta baya.

"Sauka," in ji Mama Satu. "Na gaya wa yarinyar duk wanda ya biyo ta, ko ke ce, ta ɓuya kada ta amsa. Muryata kaɗai za ta fito wa."

Ta tattare bujenta, matar da ba ta taɓa hawa babur ba tunda aka haife ta, ta dafa kafaɗar mutumin da ya kira ta alfadara.

"Ja mu je, ɗan nan. In ka kayar da ni, ka ɗaga ni mu ci gaba."